Ɗan Kano a kan teku: rayuwar Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo

 A wannan makon za mu leƙa wani aiki da ba kasafai ake ambatonsa ba idan malami ya tambayi aji abin da kowa yake son zama. Za a ji likita, a ji lauya, a ji injiniya, wani ya ce soja. Idan kuwa aka ce sojan ruwa, sai aji ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Mu da ko iyo ba mu iya ba?" Mu nan Darki babban ruwan da muka sani shi ne kogin Wudil, shi ma da rani yashinsa ya fi ruwansa yawa. Daga Kano zuwa bakin teku a Legas kuwa tafiyar kusan kilomita dubu ce.

Duk da wannan nisa, ɗan jihar Kano ya shugabanci rundunar sojin ruwan Najeriya gaba ɗayanta, ya kuma zauna cikin masu ba shugaban ƙasa shawara a lokacin da ƙasar take yaƙi da 'yan ta'adda a tudu da 'yan fashi a teku. Sunansa Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo. Abin da muke so mu duba tare shi ne hanyar da ya bi, da irin nauyin da ke kan wanda ya hau wannan kujera, da kuma abin da ɗan aji huɗu ko biyar na sakandare zai fara yi tun yanzu idan yana sha'awar wannan hanya.

Shekara 36 kafin kujera

An haifi Awwal Zubairu Gambo ranar 22 ga Afrilu, 1966, kuma ɗan ƙaramar hukumar Nasarawa ne a cikin birnin Kano. A watan Satumba na 1984, yana ɗan shekara 18, ya shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, cikin rukuni na 36. Bayan shekara huɗu, a 1988, aka ba shi muƙamin ƙaramin Laftanar na sojan ruwa.

Ku lura da shekarunsa lokacin da ya shiga. Sha takwas, wato sa'an yayyenku da suka rubuta jarrabawar fita sakandare bara. Ranar da aka naɗa shi Babban Hafsan Sojin Ruwa kuwa, 26 ga Janairu, 2021, yana da shekara 54. Tsakanin ranakun nan biyu akwai shekara 36 da 'yan watanni.

Matakan da hafsan sojan ruwa yake takawa suna da yawa: ƙaramin Laftanar, Laftanar, Laftanar Kwamanda, Kwamanda, Kyaftin, Kwamado, Riya Admiral, sannan Bayis Admiral. Kowane mataki da kwas ɗinsa da jarrabawarsa da rahoton da shugabanni suke rubutawa a kan mutum. Wanda ya gudu daga karatu ya shiga soja don ya huta da jarrabawa, to ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Fannin da Gambo ya ƙware a kai shi ne yaƙin ƙarƙashin ruwa, ya haɗa da aikin tattara bayanan sirri. Kada sunan ya ba ku tsoro, domin tushensa yana cikin littafin Fiziks ɗinku. Ido ba ya gani da nisa a cikin teku, don haka da sauti ake gane abin da ke ƙasa. Na'ura takan aika ƙara cikin ruwa, ƙarar ta bugi abu ta dawo, sai a lissafa nisansa. A iska sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a ruwan teku kuwa kusan mita 1,500. Idan aka aika ƙara ƙasa ta dawo bayan daƙiƙa biyu, to ta yi tafiyar mita 3,000 zuwa da dawowa, zurfin wurin ke nan mita 1,500. Lissafin da wasunmu suke tsallakewa a aji suna cewa ba shi da amfani, shi ne abincin hafsan da ke neman nakiya ko jirgin abokan gaba a ƙarƙashin ruwa.

Kafin naɗinsa yana riƙe da muƙamin daraktan sayen kayan aiki a Hukumar Tsaro ta Sararin Samaniya da ke Abuja. Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi rana ɗaya da Janar Lucky Irabor a matsayin Babban Hafsan Tsaro, da Janar Ibrahim Attahiru na sojan ƙasa, da Isiaka Amao na sojan sama. Ya gaji Bayis Admiral Ibok-Ete Ibas, ya kuma riƙe kujerar har zuwa watan Yuni na 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Emmanuel Ogalla.

Mene ne aikin mai ba da shawara?

Da yawa muna zaton babban soja umarni kawai yake bayarwa. A ƙarƙashinsa haka ne. A samansa kuwa akwai shugaban ƙasa, wanda tsarin mulki ya ce shi ne Babban Kwamandan Askarawa. Tsarin mulkin 1999 ya kafa Majalisar Tsaron Ƙasa ta soja, wadda a cikinta akwai shugaban ƙasa da mataimakinsa da ministan tsaro da Babban Hafsan Tsaro da shugabannin sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Aikinta shi ne ba shugaban ƙasa shawara kan kare 'yancin Najeriya da iyakokinta.

To a irin wannan zama ne ake gane wanda ya san aikinsa. Shugaban ƙasa zai iya tambaya: jirage nawa ne suke da lafiyar fita yau? Idan aka kai hari a wuri kaza, awa nawa za a yi kafin a isa? Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma dokar duniya ta ba ta ikon cin arzikin ruwa har mil 200 na teku daga gaɓa. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Jirgin da yake gudun mil 20 a awa sai ya yi awa goma cur kafin ya kai ƙarshen wannan iyaka. Mai ba da shawarar da ya ce wa shugaba "za mu isa cikin awa biyu" don ya faranta masa rai, ya jefa rayukan mutane cikin haɗari. Wanda ya faɗi awa goma, ko da fuskar shugaba za ta canza, shi ya yi aikinsa.

Tarihin ƙasarmu yana da misalin irin wannan hafsa tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Joseph Edet Akinwale Wey, wanda aka haifa a Kalaba a 1918, ya fara ne a matsayin injiniyan jirgi, ya kuma zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci sojan ruwa a 1964. Lokacin da Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana Laftanar Kanar, Wey ya girme shi da shekaru masu yawa, ya kuma fi shi muƙamin soja. Amma ya zauna a ƙarƙashinsa ya yi aiki. Yana cikin waɗanda suka je taron sulhu na Aburi a ƙasar Gana a watan Janairu na 1967. Da sulhu ya ci tura yaƙin basasa ya ɓarke, rundunarsa ce ta tsare teku, ta kuma sauke sojojin Benjamin Adekunle a Bonny a watan Yuli na 1967, sannan a Kalaba a watan Oktoba. Wannan toshe hanya ya taimaka wa gwamnatin tarayya ta ci yaƙi, amma yana cikin abubuwan da suka jawo yunwar da ta kashe fararen hula masu ɗimbin yawa a yankin Gabas, musamman yara. Shawarar da ake yankewa a ɗakin taro, a jikin talaka take sauka. Shi ya sa kujerar take bukatar mai ilimi da tsoron Allah.

Abin da Gambo ya tarar

Gambo ya karɓi aiki ne a lokacin da tekun yankinmu, wanda ake kira Mashigin Gini, ya fi ko'ina haɗari a duniya ga ma'aikatan jiragen ruwa. Hukumar da ke tattara rahoton fashin teku ta duniya, IMB, ta ce a 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a duk duniya, kuma 130 daga cikinsu a wannan mashigi aka sace su. Kwana uku kafin naɗinsa, 'yan fashi sun hau wani jirgin dakon kaya mai suna Mozart, suka kashe ma'aikaci ɗaya, suka tafi da Turkawa 15.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Darki da Baturken da aka sace a teku? Ruwansa yana cikin aljihun mahaifinsa. Idan hanya ta yi haɗari, kamfanonin inshora sukan ƙara wa jiragen da za su zo Najeriya kuɗi, masu jirgi su ɗora a kan kuɗin dako, ɗan kasuwa ya ɗora a kan kaya. Babur da injin ban-ruwa da wayar hannu da alkamar da ake yin burodi, galibinsu ta teku suke shigowa kafin su hau mota su iso kasuwanninmu. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Kano da Jigawa su ma ta teku suke fita zuwa ƙasashen da ke sayensu. Wannan ce ta sa aka gina tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki, wadda aka buɗe a watan Janairu na 2023, don ɗan kasuwar Kano ya gama takardun kwantenarsa a gida. Teku tana da nisa da mu a taswira, amma kullum tana cikin cefanenmu.

A zamanin Gambo al'amarin fashin ya sauya. A watan Yuni na 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA, mai jiragen sintiri na ruwa da na sama. A watan Yuli aka buɗe Falcon Eye, wani tsarin na'urorin hangen nesa da ke nuna wa hafsoshi motsin jirage daga ɗakin aiki. A wannan watan ne kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure 'yan fashin teku goma shekara 12 kowannensu, ƙarƙashin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. Adadin waɗanda aka sace a mashigin ya sauka zuwa 57 a 2021, kuma a watan Maris na 2022 aka sanar cewa an cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya addaba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An fara wasu daga cikin shirye-shiryen nan tun kafin zuwansa, maƙwabtan ƙasashe sun taimaka, har jiragen yaƙin wasu ƙasashen Turai sun yi sintiri a yankin. Amma a lokacinsa ne aka haɗa kayan aiki da doka da sintiri wuri guda har aka ga sakamako.

Akwai kuma inda aka sha wuya. Satar ɗanyen mai ta yi ƙamari a 2022. Rundunar ta ƙaddamar da wani farmaki a watan Afrilu na shekarar, ta sa masa suna da Hausa, "Dakatar da Ɓarawo". A watan Agusta wani katafaren jirgin dakon mai, Heroic Idun, ya ƙi tsayawa jirgin sojan ruwanmu, aka tsare shi a Ikwatoriyal Gini, daga baya aka dawo da shi Najeriya ya fuskanci shari'a. Duk da haka, a wannan watan man da Najeriya take haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, har Angola ta sha gabanmu. 'Yan jarida da 'yan majalisa sun yi ta tambaya yadda ake satar mai da yawa haka alhali jami'an tsaro suna wurin. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya hau kujerar dole ya amsa ta. Idan za mu karanta tarihin manya, mu karanta nasararsu tare da abin da ya gagare su, don mu san aikin da ya rage wa na baya.

Sojan ruwa a Arewa

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗan Wudil ya sani. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil, su zama kogin Haɗeja, su ratsa fadamun Nguru, su shiga kogin Yobe, wanda yake zuba a Tafkin Chadi. A tsibiran wannan tafki ne mayaƙan Boko Haram da na ISWAP suka yi sansani, suka hana masunta da manoma sakat. Motar yaƙi ba ta shiga tsibiri, sai kwalekwale. Don haka sojan ruwa suna da sansani a Baga ta jihar Borno, suna aiki tare da sojan ƙasa da na sama. Ashe ruwan da muke wanki a bakinsa, can ƙarshensa fagen daga ne.

A 2021 da aka ji cewa rundunar za ta kafa sansani a Kano, an yi ta ba'a a Facebook ana tambayar ina tekun yake. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa shi ne kwalejin koyar da sarrafa kayan aiki da guzuri. Jirgin yaƙi yana bukatar mai da abinci da magani da kayan gyara da albashin mutanensa, kuma koyon tsara waɗannan ba ya bukatar teku.

Ko sunayen jiragen rundunar sun isa su nuna mana cewa da mu a ciki. Jirgin yaƙin da aka saya daga Jamus a farkon shekarun 1980, wanda ya daɗe yana zaman babban jirgin rundunar, sunansa Aradu. An yi Dorina, an yi Damisa, akwai Kyanwa. A 2022, zamanin Gambo, aka kawo sabon jirgin ɗaukar sojoji da motocin yaƙi aka sa masa suna Kada.

Gambo kuma ba shi kaɗai ba ne. Murtala Nyako, ɗan Mayo Belwa ta jihar Adamawa, ya yi gwamnan soja na farko a jihar Neja a 1976, ya shugabanci sojan ruwa daga 1990 zuwa 1992. A watan Oktoba na 2025 aka naɗa Idi Abbas, shi ma ɗan jihar Kano, a kan wannan kujera. Ga ƙannenmu mata kuwa, Jamila Abubakar Malafa, lauya 'yar jihar Adamawa, ta kai muƙamin Kwamado a 2017, ita ce mace ta farko daga Arewa da ta taka wannan mataki a sojan ruwa. A waje ma haka abin yake. William Leahy, hafsan sojan ruwan da ya zama babban mai ba shugaban Amurka Franklin Roosevelt shawara a Yaƙin Duniya na Biyu daga 1942, an haife shi ne a jihar Iowa, can tsakiyar ƙasar inda babu teku ko kusa.

Me za mu fara yi tun yanzu?

Da sanyin safiya ake kama fara. Ga mai sha'awar zama hafsa, ƙofa ta farko ita ce NDA, wadda aka kafa a Kaduna a 1964. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Ana rubuta JAMB a zaɓi makarantar, sannan a yi jarrabawar tantancewa tata, a yi gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da ganawa da kwamiti. Akwai iyakar shekaru, don haka wanda ya yi ta maimaita jarrabawa saboda Lissafi ko Turanci zai iya wayar gari ƙofar ta rufe. Wanda ya samu shiga zai fito da digiri da kuma muƙamin hafsa. Wanda ya riga ya yi digiri a jami'a, likita ne ko injiniya ko lauya ko malami, akwai gajeren kwas da ake ɗaukar irinsu. Mai takardar sakandare da yake son shiga a matsayin ƙaramin soja kuma, makarantar horonsu tana Onne a jihar Ribas. Sharuɗɗan sukan ɗan canza, saboda haka a karanta sanarwar kowace shekara daga shafin makarantar ko na rundunar.

Abu na biyu, mu riƙe Lissafi da Fiziks da Labarin Ƙasa da Turanci da kyau. Idan makarantarku ba ta da malamin Fiziks, kamar yadda yake a makarantu da yawa na karkara, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku nemi wani yayanku da ke jami'a a Wudil ya riƙa zama da ku ranar Asabar. Da yawa daga cikinmu ba za mu ƙi ba idan aka tambaye mu.

Abu na uku, lafiyar jiki. Gwajin asibiti yana bankaɗo abin da mutum ya ɓoye wa iyayensa. Ƙwaya da sholisho da maganin tari sun rufe wa samari da yawa wannan ƙofa tun kafin su ƙwanƙwasa. Iyo kuma ana koyar da shi a wurin horo, kada wani ya ce zai je kogi ko kududdufi shi kaɗai ya koya. Ba mu manta da hatsarin kwalekwalen Bagwai na watan Nuwamba 2021 ba, wanda ya ci rayuka da dama, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Ruwa ba ya wasa da kowa.

Abu na huɗu, a yi hattara da 'yan damfara. Duk shekara akan samu wanda zai zo wa iyaye da cewa yana da hanya, a kawo kuɗi ya samo gurbi. An sayar da akuya da buhunan gero saboda irin wannan magana, ƙarshe babu kuɗi babu aiki. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanka a jerin waɗanda aka ɗauka, ɓarawo ne.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a rubuta shi a takardar neman shiga, wato faɗin gaskiya ga na gaba cikin ladabi. Shugaban aji da malami ya tambaya su wa suka fasa taga, ya rufa wa abokinsa asiri ya laƙa wa wani, ya fara koyon irin rahoton da ke kashe sojoji a fagen daga. Wanda ya ce, "Malam, ga yadda aka yi," ko da abokai za su yi fushi da shi kwana biyu, shi ne ake iya damƙa wa jirgi da mutum ɗari a ciki. Ba kowa ne zai zama Admiral ba, kujerar ɗaya ce tak. Amma kowannenmu wata rana wani zai nemi shawararsa, mahaifi ne ko maigida a wurin aiki ko mai unguwa, kuma abin da zai sa a saurare shi shi ne ya san abin da yake faɗa, a kuma san ba ya ƙarya.

Tambayar wannan makon: na'urar jirgi ta aika ƙara zuwa ƙasan teku, ta dawo bayan daƙiƙa uku. Mita nawa ne zurfin wurin? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kare sojojinmu na tudu da na ruwa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.